Zumuncin Mutanen Melanesiya: Tambayoyi da Amsoshi

Duk lokacin da aka nuna hoton mutanen Fiji ko Vanuatu a talabijin, a wasan ƙwallo ko a taron Majalisar Ɗinkin Duniya, ba a rasa mai cewa, “Kai, waɗannan ai namu ne.” Daga nan sai tambayoyi su biyo baya. Ga waɗanda aka fi yi, da amsoshinsu.

Ina ne Melanesiya, kuma su wane ne mutanenta?

Jerin tsibirai ne a kudu maso yammacin tekun Pasifik, arewa da gabashin Ostireliya. Sun taso daga ƙaton tsibirin Niu Gini, suka bi ta tsibiran Bismarck da Bougainville da Solomon da Vanuatu da Niu Kaledoniya, suka tsaya a Fiji. Ƙasashe huɗu ne masu cin gashin kansu a ciki: Fiji ta sami mulkin kai a 1970, Papuwa Niu Gini a 1975, tsibiran Solomon a 1978, Vanuatu a 1980. Niu Kaledoniya tana hannun Faransa tun 1853, yammacin Niu Gini kuma yana ƙarƙashin Indonesiya. Papuwa Niu Gini kaɗai tana da mutum sama da miliyan 10, ta ninka sauran ƙasashe ukun duka sau da yawa, domin Fiji ba ta cika miliyan ɗaya ba, Vanuatu kuwa ba ta wuce dubu 300 da ɗoriya ba.

Sunan ba su suka raɗa wa kansu ba. Wani matuƙin jirgin ruwa Bafaranshe, Dumont d'Urville, shi ya yaɗa shi a 1832 da ma'anar tsibiran baƙaƙe, kuma ba da niyyar yabo ba, don a lissafinsa su ne a ƙasan mutanen Polinesiya masu hasken fata. Daga baya 'yan boko da 'yan gwagwarmayar yankin suka ɗauki sunan, suka mai da shi abin tinƙaho.

Tunda baƙaƙe ne masu gashi irin namu, daga Afirka suka tashi?

Kamar yadda kowa ya tashi daga Afirka, i. Amma ba kusa-kusa ba. Kakanninsu sun isa Niu Gini kimanin shekara dubu 50 da suka wuce, lokacin ruwan teku ya ja baya, tsibirin yana haɗe da Ostireliya. Binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa duk da kamannin, suna cikin mutanen da suka fi nisa da mu ta jini. Har ma suna ɗauke da wani kaso, wajen huɗu cikin ɗari, na gadon wasu mutanen da da suka ƙare, waɗanda masana ke kira Denisoba, kason da ya fi na kusan kowa a duniya. Zaman rana mai zafi ne ya bar musu baƙar fata.

Ruɗin ya daɗe. A 1545 wani Basifaniye, Ortiz de Retez, ya ga mutanen bakin tekun tsibirin, ya ce sun yi masa kama da na gaɓar Gini ta Afirka ta Yamma, shi ke nan suna ya bi tsibiri har yau. A Fiji ma akwai labarin da ake koya wa yara cewa kakanninsu sun taso daga wajen tafkin Tanganyika cikin wani jirgi mai suna Kaunitoni. Masu bin diddigi sun gano labarin bai bayyana a rubuce ba sai ƙarshen ƙarni na 19, zamanin makarantun mishan, kuma tonon ƙasa bai goyi bayansa ba. Haka kuma yaran tsibiran Solomon masu baƙar fata da gashi ruwan zinariya, da wasu ke cewa jikokin Turawa ne: binciken da aka buga a 2012 ya nuna canjin ƙwayar gado ne na gida, ba ruwansa da Turai.

Idan 'yan'uwa ne, me ya kawo harsuna haka da yawa?

Wannan ce tambayar da ta fi muhimmanci, domin amsarta ce ke nuna irin zumuncin da ake magana a kai. Papuwa Niu Gini tana da harsuna sama da 800. Vanuatu, da ɗan yawanta, tana da fiye da 100. Solomon tana da wajen 70, Kanak, 'yan asalin Niu Kaledoniya, 28. Mutum zai iya tsallake kwari ɗaya ya tarar ba ya jin abin da ake faɗa.

Dalili na farko shi ne daɗewa. Mutanen farko sun yi dubban shekaru a cikin duwatsu da fadamu, kowane gungu a inda yake. Ba zaman banza suka yi ba: a fadamar Kuk da ke tsaunukan Niu Gini an tono magudanun ruwa da kunyoyi da ke nuna ana noma a wurin tun aƙalla shekara dubu 7. Rake da wasu nau'o'in ayaba daga wannan yanki suka bazu duniya.

Dalili na biyu, an sami zuwa na biyu. Kimanin shekara 3,300 da suka wuce wasu matuƙa kwalekwale, masu harshe dangin na Taiwan da Filifin da Indonesiya, suka sauka a tsibiran Bismarck. Ana gane su da tukwanensu masu zane na ɗige-ɗige, kamar an danna haƙoran mataji a jikin yumɓu. Ana kiran su Lapita, da sunan wurin da aka tono tsingaronsu a Niu Kaledoniya a 1952. Su ne suka fara ƙetare buɗaɗɗen teku mai faɗin sama da kilomita 300 da ke gabas da manyan tsibiran Solomon, suka zama mutanen farko a Vanuatu da Niu Kaledoniya da Fiji da Tonga da Samowa. A 2003 aka gano maƙabartarsu a Teouma, kusa da Port Vila, babban birnin Vanuatu. An tarar an cire kawunan gawarwakin bayan binnewa, wani dattijo ma an jera masa ƙoƙon kai uku a ƙirji. Gwajin ƙasusuwan ya nuna waɗannan na farko kusan zallar jinin Asiya ne, sai bayan wasu ƙarnuka mutane masu jinin Papuwa suka biyo su daga Bismarck. Jini ya sauya, harshe bai sauya ba. Shi ya sa ɗan Vanuatu yake kama da ɗan Niu Gini, alhali harshensa ɗan'uwan na Hawai da na Madagaska ne.

Ke nan ba kaka ɗaya ba ne ya haɗa su. Auratayya ce da fatauci da biki, na shekara dubu uku.

To mene ne ainihin abin da ya haɗa su?

Kyauta da ramawa. Daga tsaunukan Niu Gini har Fiji, mutum ba ya zama naka don kun fito ciki ɗaya kawai, sai in akwai abin da ke kai da kawowa tsakaninku. Ka ba ni, na riƙe, wata rana na mayar da ƙari, kai ma yanzu akwai nauyi a kanka. Ranar da aka biya bashi tas aka tashi babu na kowa a hannun kowa, ranar zumunci ya mutu, don haka ba a son a biya tas.

Babban misali shi ne Kula, a tsibiran lardin Milne Bay na Papuwa Niu Gini: Trobriand da Dobu da Woodlark da maƙwabtansu. Tsibiran sun yi kamar zobe, kuma abu biyu ne ke zagaya zoben. Akwai sarƙar wuya ta jajayen katantanwa, soulava, tana bin hannun agogo. Akwai farin awarwaro na damtse, mwali, yana bin akasin haka. Mutum yana da abokan Kula a tsibirin dama da na hagu, kuma abota ce ta har abada, wani lokaci ɗa ya gaji ta ubansa ko ta kawunsa. Zai haɗa ayari, su sassaƙa kwalekwale, su yi masa ado da tsafe-tsafen tafiya, su shiga teku mai haɗari, don kawai ya karɓo sarƙar da ba zai sayar ba, ba kuma zai daɗe da ita ba. Shekara ɗaya ko biyu, dole ya miƙa ta gaba. Wanda ya ƙanƙame, sunansa ya ɓaci a tsibiran da bai taɓa takawa ba. Manyan sarƙoƙin suna da sunaye, ana kuma haddace jerin waɗanda suka taɓa riƙe su.

Mai karatu zai ce, wahalar me ke nan? Ga amfanin. Mutumin da ya sauka a tsibirin da ake jin tsoron mayu da mahara, yana da mai masauki da zai tare shi, ya ciyar da shi, ya tsaya masa. A gefen wannan karamci kuma ana cinikin yau da kullum na tukwane da gatura da abinci, wanda suke kira gimwali, inda ake tayawa a yi ragi. Amma ba a haɗa biyun. Babban zagi ne a ce wa mutum yana Kula kamar mai gimwali. Bronislaw Malinowski, wanda ya zauna a Trobriand lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, shi ya sanar da duniya wannan tsari a 1922, kuma har yau ana yi, sai dai wasu da jirgi mai inji suke zuwa.

A gaɓar kudu kuma akwai Hiri. Mutanen Motu na wajen Port Moresby, babban birnin Papuwa Niu Gini, ƙasarsu busasshiya ce, amma matansu gwanayen ginin tukwane ne. Idan iskar kudu maso gabas ta kaɗa, maza su ɗaure kwalekwale da yawa wuri ɗaya su zama babban jirgi, lagatoi, su loda dubban tukwane su nufi yamma, inda fadama ta yi yawa, yumɓu mai kyau ya yi ƙaranci. Can za su yi watanni, sai iska ta juyo su dawo da garin sago, wanda ake fitarwa daga ɓargon wata bishiya dangin kwakwa. Tafiyar ta tsaya a tsakiyar ƙarni na 20, ta bar biki da ake yi don tunawa da ita.

Ko mutanen tsaunuka ba su fita daga wannan sarƙa ba. Lokacin da Turawa masu neman zinariya suka kutsa kwarin Wahgi a 1933, sun tarar da jama'a mai yawan gaske da ba su taɓa ganin teku ba, amma manyansu na rataye da ɓawon kawa na teku a ƙirji. Hannu da hannu ya hau dutsen. Kina ake kiran wannan ɓawo, kuma sunan kuɗin Papuwa Niu Gini ke nan tun 1975.

Har yanzu ana amfani da kuɗin gargajiya?

Ƙwarai. Mutanen Tolai na wajen Rabaul, a Papuwa Niu Gini, suna da tabu, ƙananan wuri da ake jerawa a jikin tsiyayar kara, ana aunawa da gaba. Ana sayen kayan miya da shi a kasuwa, ana biyan dukiyar aure da tara. Mai hali yana naɗe nasa ya zama ƙaton gammo kamar tayar mota, ya ajiye, ba don ya ci ba: ranar jana'izarsa za a yanka gammon a raba wa duk wanda ya zo. Wanda ya mutu ba a raba komai ba, an ji kunya.

A Malaita ta tsibiran Solomon, matan Langalanga ne ke fasa katantanwa, su huda, su goge, su shirya tafuliae mai igiya goma, kuma babu auren gargajiya ko sulhu da zai kammala ba tare da shi ba. A Santa Cruz a da ana naɗa doguwar ɗamara da jajayen gashin ɗaruruwan ƙananan tsuntsaye, wannan kam ya zama kayan gidan tarihi. A Fiji babu abin da ya kai tabua daraja, wato haƙorin ƙatuwar dabbar tekun nan, wel. Da shi ake neman aure, da shi ake ta'aziyya, da shi ake neman gafara, kuma wanda ya karɓa ya ɗauki alkawari. A arewacin Vanuatu jajayen tabarmi ne da hauren alade. Ana cire wa alade haƙoran sama don na ƙasa su yi ta girma har su lanƙwashe su zama zobe, aikin shekaru. Wannan hauren ne a jikin tutar ƙasar.

Me ya sa alade da doya suke da girma haka a wurinsu?

Don su ne dukiyar da ake iya tarawa a bayar a bainar jama'a. A wajen Mount Hagen, a tsaunukan Niu Gini, akwai moka, inda mutum zai shafe shekaru yana lallashin dangi da surukai su tara masa aladu, ranar biki ya jera su a turaku ya miƙa wa wata zuriya fiye da abin da suka taɓa ba shi. Da haka ake zama babban mutum. Ba gado ba ne, kuma in ƙarfinsa ya ragu jama'a su koma bayan wani. A tsibiran Malekula da Ambrym da Ambae na Vanuatu ta hanyar yanka aladu masu haure ake hawa matakan girma ɗaya bayan ɗaya. Fiji da Niu Kaledoniya da Trobriand kuwa suna da sarauta ta gado, saboda haka maganar da ake yawan yi cewa Melanesiya ba ta san sarki ba, ba daidai ba ce.

Doya ita ce kalandar shekara. Abelam na yankin Sepik suna noma doya mai tsawon da ya fi mutum, su yi mata kwalliya da fuska da gashin tsuntsu, su ba abokin gasa. A Trobriand namiji yana noma ne don ya cika rumbun mijin 'yar'uwarsa. Kanak ba sa cin sabuwar doya sai an yi bikinta. A kudancin tsibirin Pentecost na Vanuatu, tsakanin Afrilu da Yuni, samari suna gina hasumiyar itace, su ɗaura jijiyar kurmi a idon sawu, su faɗo da ka har gashinsu ya shafi ƙasa, don doya ta yi albarka. Dafuwar biki ma iri ɗaya ce: a gasa duwatsu, a naɗe abinci da ganyen ayaba, a rufe. Mumu a Niu Gini, motu a Solomon, lovo a Fiji, bougna a wurin Kanak.

Ta wajen uwa suke lissafin dangi ko ta wajen uba?

Duka biyun akwai, wani lokaci a tsibiri ɗaya. A Trobriand da New Ireland da mafi yawan Bougainville da Guadalcanal da Isabel, ƙasa ta dangin uwa ce, yaro kawunsa yake gada. A tsaunukan Niu Gini da Malaita da yawancin Fiji ta wajen uba ake bi. Amma ko inda uba ke da gado, kawu ba abin wasa ba ne. Kanak suna cewa kawu ne ke ba jariri numfashi, kuma ranar mutuwa dangin uwa ake mayar wa da mamaci da kaya. A Fiji ɗan 'yar'uwa, vasu, yana da ikon shiga garin kawunnansa ya ɗauki abin da ya ga dama, kuma a zamanin yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 sarakuna sun yi amfani da wannan dama wajen jan dukiya da mayaƙa.

Akwai kuma tauvu, tsakanin garuruwa biyu na Fiji da suka yarda kakansu na farko ɗaya ne ko da teku ta raba su. In sun haɗu sai zolaya da zagin wasa da wawason kaya, ba mai fushi. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan, wasan Kanawa da Zagezagi ne, ko na Fulani da Barebari.

A tsakiyar Vanuatu ana danganta tsarin zuriyoyin uwa, naflak, da wani sarki Roi Mata, wanda aka ce ya tara masu gaba ya raba su zuriya-zuriya don ɗan zuriya ɗaya kada ya yaƙi ɗan'uwansa. An daɗe ana ɗaukar labarin tatsuniya, sai a 1967 wani masanin tonon ƙasa, José Garanger, ya bi bayanin dattawa ya tona tsibirin Eretoka, ya sami kabarin da mutanen da aka binne tare da shi, na wajen shekarar 1600.

Kava fa, mece ce?

Saiwar wani tsiro ce dangin masoro, ana dakawa a jiƙa a tace a sha. Tana kashe baki, tana saukar da jiki. Masana sun fi karkata ga cewa a arewacin Vanuatu aka fara nomanta. A can maza na taruwa da magariba a dandalinsu, nakamal, su sha cikin ƙasa-ƙasa da murya. A Fiji yaqona ake ce mata, kuma baƙo ba ya shiga gari sai ya miƙa damin saiwar ga mai gari, abin da suke kira sevusevu. Daga Santa Cruz zuwa yamma kuwa buai ya fi ƙarfi, wani ɗan itace da ake taunawa da farar ƙasa, baki ya yi ja wur. Likitoci sun tabbatar yana jawo sankarar baki, hukumar birnin Port Moresby ta hana sayar da shi a 2013, hanin bai yi tasiri ba.

Yaya iyakokin Turawa suka yi da wannan zumunci?

Sun yanka shi a inda suka ga dama. Tsibirin Niu Gini an tsaga shi da layi kusan miƙaƙƙe daga arewa zuwa kudu, ƙabilu irin su Marind suka wayi gari rabi nan rabi can. Bougainville a ƙasa da al'ada ta Solomon ce, amma yarjejeniyar Jamus da Birtaniya ta 1899 ta bar ta a hannun Jamus, ta miƙa Choiseul da Isabel da Shortland ga Ingila. Daga Buin, a kudancin Bougainville, ana hango Shortland, suna auratayya, suna cin kasuwa ɗaya, amma yau ƙasa biyu ne. Da yaƙi ya ɓarke a 1988 kan mahaƙar jan ƙarfe ta Panguna, gwamnatin Papuwa Niu Gini ta toshe tsibirin Bougainville, 'yan'uwan Solomon ne suka riƙa shigar da magani cikin dare, suna karɓar masu rauni. An yi sulhu a 2001, a ƙuri'ar raba gardama ta 2019 kuma kusan kashi 98 cikin ɗari suka zaɓi ɓallewa.

Inda aka yi abin hankali shi ne mashigin Torres. Tsibirin Saibai na Ostireliya ne, alhali bai fi kilomita huɗu daga gaɓar Papuwa Niu Gini ba. Yarjejeniyar 1978, wadda ta fara aiki a 1985, ta yarda mazauna wasu ƙauyuka na ɓangarorin biyu su ƙetara don su, biki, jana'iza da musayar kaya ba tare da fasfo ba.

Da wane harshe suke magana da juna?

Da wanda wahala ta haifa. Daga 1863 zuwa 1904 an kwashi mutum wajen dubu 62 daga Vanuatu da Solomon da maƙwabta zuwa gandayen rake na Queensland, wasu da yardarsu, wasu da yaudara, wasu sata ƙiri-ƙiri. Wasu kuma Fiji da Samowa aka kai su. A barikin lebura, mutanen da ba sa jin juna suka ƙera harshe da kalmomin Ingilishi bisa ginin harsunansu. Da Ostireliya ta kafa dokar fifita farar fata a 1901 ta kori yawancinsu, suka koma gida da shi. Shi ne ya rabu uku: Tok Pisin a Papuwa Niu Gini, Pijin a Solomon, Bislama a Vanuatu, kuma masu su suna fahimtar juna in an yi a hankali. Daga nan wantok ya fito, mutumin da kuke harshe ɗaya. A birni ɗan ƙauyenku ne wantok, a ƙasar waje duk ɗan Melanesiya ne. Fiji da Niu Kaledoniya ba sa cikin wannan: Fiji tana da harshen Bau da Ingilishi da Hindin Fiji, Kanak kuma Faransanci ne ya haɗa su.

Wane addini suke bi? Akwai Musulmi?

Mafi yawa Kiristoci ne, kuma masu riƙo. Abin lura, ba Turawa kaɗai suka yaɗa addinin ba: malaman Methodist 'yan Fiji ne suka bi ɗan mishan George Brown zuwa tsibiran Bismarck a 1875, da yawansu can suka mutu. Coci da al'ada, wadda suke kira kastom, sun yi rigima sun gaji, yanzu a yawancin wurare tare suke tafiya.

Musulmi sun fi yawa a Fiji, wajen shida cikin ɗari na jama'a, jikokin leburorin da Ingila ta kwaso daga Indiya tsakanin 1879 da 1916. Ƙungiyarsu ta ƙasa ta kafu tun 1926. Akwai ƙananan al'ummomi na 'yan ƙasa da suka musulunta a Papuwa Niu Gini da Solomon da Vanuatu, akwai kuma tsofaffin garuruwan Musulmi a gaɓar yammacin Niu Gini, wajen Fakfak, ta dalilin tsohuwar hulɗa da daular Tidore.

Gaskiya ne suna cin naman mutane?

An yi a wasu wurare a da, galibi a yaƙi ko a tsafi, kuma an daina tuntuni. A Fiji an kashe ɗan mishan Thomas Baker a 1867, a 2003 mutanen ƙauyen suka gayyaci zuriyarsa suka nemi gafara bisa al'ada. Matsalar da ke nan da rai ita ce kisan waɗanda ake zargi da maita a Papuwa Niu Gini, yawanci mata, abin da ya sa majalisa ta soke dokar maita a 2013.

Zumuncin yana hana su faɗa?

Ina! Zumuncin da ke sa ka ciyar da naka, shi ke sa ka ɗaukar masa fansa. A lardin Enga na Papuwa Niu Gini faɗan ƙabilu da a da ake yi da kwari da baka yanzu da bindiga ake yi. A Solomon, daga 1998 zuwa 2003, 'yan Guadalcanal da 'yan Malaita sun gwabza kan filaye a kewayen Honiara, babban birnin ƙasar, har sai da rundunar ƙasashen yankin ta shigo. Ma'aikaci a birni kuma albashinsa ba nasa ba ne, kuma in ya sami kujera ana sa ran ya cika ofis da wantok. Masu suka suna kiran wannan cin hanci, masu karewa suna cewa a ƙasar da babu fansho ga yawancin mutane, wantok ne asibiti, shi ne inshora. Kowanne da gaskiyarsa. Abin da ba a musu shi ne hanyar sulhu: a jera aladu da kuɗin katantanwa, a yi jawabi, a ci abinci tare, ko da kotu ta riga ta yanke nata hukunci.

A siyasance fa, suna da murya ɗaya?

Suna ƙoƙari. Shekarun neman 'yanci sun fitar da masu tunani irin su Bernard Narokobi na Papuwa Niu Gini, wanda ya yi ta kira a gina ƙasa bisa tafarkin Melanesiya, da Walter Lini, firayim ministan Vanuatu na farko, da Jean-Marie Tjibaou, wanda ya shirya babban bikin al'adun Kanak a Noumea a 1975, aka kuma harbe shi a Ouvea a 1989. A 1988 Papuwa Niu Gini da Solomon da Vanuatu suka sa hannu a Port Vila kan ƙungiyar ƙasashen Melanesiya da ake taƙaitawa MSG, da babbar manufar mara wa Kanak baya. Ƙungiyar 'yan gwagwarmayar Kanak, FLNKS, mamba ce duk da ba gwamnati ba ce, Fiji ta shiga a 1996. Suna da yarjejeniyar ciniki, da bikin al'adu da aka fara a Honiara a 1998.

Kan Niu Kaledoniya bakinsu ɗaya. An yi ƙuri'a uku: a 2018 masu son zama da Faransa suka sami kusan kashi 57, a 2020 suka sauko 53, ta 2021 kuma Kanak suka ƙaurace, suna cewa suna makokin waɗanda korona ta kashe, kuma makoki a al'adarsu ba a haɗa shi da yaƙin neman zaɓe. A Mayun 2024 yunƙurin sauya rajistar masu zaɓe ya jawo tarzoma da asarar rayuka.

Yammacin Papuwa, wato yammacin Niu Gini da ke ƙarƙashin Indonesiya, ita ce ke raba kansu. A 1969 Indonesiya ta zaɓi mutum dubu da 'yan kai suka amince da haɗewa a madadin jama'a duka. A zauren Majalisar Ɗinkin Duniya Gana ce ta nemi a sake ba mutanen dama, ba a karɓa ba, ƙudurin ya wuce da ƙuri'a 84, ƙasashe 30 suka ƙaurace, da dama daga Afirka. Senegal ta zamanin Senghor har ofis ta bari 'yan gwagwarmayar suka buɗe a Dakar. Yau Vanuatu ce ke ɗaga maganar a duk taro, Papuwa Niu Gini mai doguwar iyaka da Indonesiya tana taka-tsantsan, Fiji ma haka. A 2015 MSG ta ba haɗakar 'yan Papuwa, ULMWP, kujerar 'yan kallo, ta ba Indonesiya matsayin da ya fi wannan. Da shugabannin suka taru a Port Vila a 2023, 'yan Papuwa sun sake neman cikakken zama mamba, aka ce musu ba a sami daidaito ba.